Ƙorafi Kan Injin Juya Ƙwan Zabinmu

Zuwa ga: Mai girma Daraktan Shirin Tallafa wa Masu Kiwon Zabi, Dakoro
Daga: Rahinatu Abarci, shugabar ƙungiyar mata ta Zabin Alheri
Ranar 21 ga Yuli, 2025

Game da: Ƙonewar injin juya ƙwai bayan cire masa kariya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina gabatar da kukanmu a kan na'urar ƙyanƙyasa mai aiki da hasken rana da shirinku ya ba mu.

1. Kamar yadda ka sani, ƙaramin inji ne ke tura wata sandar ƙarfe ta karkata farantan ƙwai. Yana da akwatin kariya da ke yanke wuta idan nauyi ya fi ƙarfinsa, kuma ana iya daidaita shi daga lamba ɗaya zuwa goma. Ma'aikacinku, Mushe Hamani, ya saita shi a kan biyu lokacin da farantan ba kome, ya kulle, ya tafi da mabuɗi.

2. Ranar 5 ga Yuli muka zuba ƙwai ɗari huɗu. Da zarar sandar ta motsa sai wuta ta yanke, ba ta dawowa sai an danna maɓalli. Kwana bakwai Hafsatu, mataimakiyata, tana wannan dannawa, har mijinta ya aiko yana tambaya ko ta tare a nan ne.

3. Ranar 12, bayan kira biyar, Mushe Hamani ya zo daga kasuwa da akuya a bayan babur. Kadija, mai gyaran keken ɗinkinmu, ta roƙe shi ya ƙara lamba ɗaya kawai ya gwada. Ya amsa cewa lantarki ba ɗinki ba ne. Ya haɗe wayoyi biyu ya tsallake kariyar gaba ɗaya, duka cikin minti huɗu, domin akuyar na kuka.

4. Ranar 16 da hantsi faranti ɗaya ya maƙale. Babu abin da zai tsayar da injin, ya yi ta turawa har ya lanƙwasa farantin, ya fasa ƙwai sittin da uku, ya ƙone. Ashirin daga ciki na wata tsohuwa ne daga Kornaka, wadda ta kawo su a ƙwarya bisa amana. Ni na je na faɗa mata.

Yanzu da hannu muke juya sauran, sau uku kullum, kuma sai 2 ga Agusta za su ƙyanƙyashe.

Don haka muna roƙon a kawo sabon inji cikin makon nan, a mayar da kariyar, a saita ta lokacin da farantan ke cike, a koya wa Kadija, a bar mabuɗin a hannunta.

Ba mu neman a kori Mushe Hamani, yana da iyali. Muna dai roƙon a turo shi ya karɓi juyin yini guda. Ƙwai ɗari uku da talatin da bakwai ne, kuma ba a yi musu gaggawa.

Allah ya ƙara girma. Taku cikin ladabi,

Rahinatu Abarci