Guntun Jan Zaren da Baba Ya Ƙulla

Yayana,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raya maka yaran. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi har ta koma yi mana faɗa, shagon ɗinkina kuma yana nan yana tafiya. Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Na kira sau uku, kullum sai mu ƙare a ya aiki ya yara, in kasa buɗe baki. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Maganar Baba ce. Watan jiya na kai shi wajen likitan ido. Hawan jinin idon ya cinye na hagu gaba ɗaya, na dama kuma saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar makulli. Likitan ya ce watanni ne suka rage, ba ya jin za a kai shekara. Baba ya hana ni gaya maka, wai kada a ɗaga maka hankali. To ga shi na gaya maka, in zai yi fushi ya yi.

Tsofaffin ɗalibansa sun ji labari, sai suka haɗu suka shirya masa tafiya, ni zan raka shi. Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da labarin ƙasa, yana zana teku a allo da shuɗin alli, bai taɓa sa ƙafarsa a ruwan gishiri ba. Suka ba shi zaɓi tsakanin tsibirai biyu masu nisa, suka ce ya ba da amsa kafin ƙarshen wata. Na farkon ka san shi, shi ne na hoton da ke saman teburinsa tun muna yara, mai farin yashi, inda kunkurun teku ke fitowa su haƙa rami su zuba ƙwai. Ka tuna yadda marigayiya Mama take tsokanarsa, wai ya fi sanin 'ya'yan kunkuru a kan nasa? Na biyun kuwa dutse ne da kurmi, ruwan sama kusan kullum, babu abin kallo sai tsuntsaye, su ma an ce jin kukansu ake yi, ba a cika ganinsu ba.

Ban ma tsaya tambayarsa ba, na fara ɗinka masa riguna marasa nauyi na zafin bakin teku. Sai ran Talata da hantsi ya ce in gaya wa ɗaliban ya zaɓi na tsuntsayen. Yaya, ka san bakina. Na ce masa shekara talatin yana cika mana kunne da kunkuru, yanzu da dama ta samu zai ce tsuntsu? Ya ce ra'ayi ne, mutum yana canzawa. Na koma shago na zauna gaban keke na yi kuka, don a zatona ya riga ya sallama idon ne, ya zaɓi inda kunne zai wadatar da shi.

Ashe ban fahimci komai ba. Kwana biyu ina neman jan zarena na rasa, har na zargi 'yar Gwaggo. Ran Alhamis na shiga share ɗakinsa, sai ga zaren a kan tebur, babbar taswirarsa a shimfiɗe. Ka tuna yadda yake koya wa 'yan aji auna nisa, a ɗora zare a kan taswira, a ƙulla, sannan a gwada shi da ma'aunin da ke ƙasa? Haka ya yi. Ya soka allura a garin da kake, ya ja zare zuwa kowane tsibiri, ya yi manyan ƙulli yadda yatsa zai ji tunda ido ba ya gani. Zaren tsibirin kunkuru ya kusa kamu biyu. Na tsuntsayen bai kai tsawon ɗan yatsana ba.

Ya shigo ya same ni da zaren a hannu, bai yi musu ba. Ya zauna a bakin gado ya ce ya lissafa, daga wajenka jirgin ruwa na wuni ɗaya ne, ko hutun kwana biyu ka samu ya isa. Ya ce kunkuru ya gan su a littafi har ya haddace, amma shekara shida rabonsa da fuskarka, a waya kuma inuwa kawai yake gani. Ya ji an ce furfura ta fito maka a gemu, yana so ya gani da idonsa ya yi maka dariya. Ya roƙe ni kada in gaya maka wannan ma, don kada ka zo saboda tausayi.

Yaya, ba na ganin laifinka, na san aikinka ba ya sakin mutum. Amma hutun nan da kake ta cewa sai baɗi, baɗi Baba muryarka kawai zai ji. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina jin ciwon yashin nan da ba zai gani ba, shi kuwa ko a jikinsa, har ya sa na gyara masa rigar ruwa. Za mu sauka tsibirin ran sha biyu ga watan gobe, mu yi kwana biyar. Bai san na rubuto ba. Duk da haka na san kowace safiya zai ce in kai shi inda jirgi ke tsayawa, wai shan iska.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, da babban ɗanka, da Sarkin Surutu, da 'yar autar da ba mu taɓa ɗauka ba. Gwaggo tana gaishe ka, ta ce ka ji tsoron Allah ka riƙa cin abinci. Mijina ma yana miƙa gaisuwa.

Na sa maka guntun zaren a cikin ambulan ɗin nan, ka duba kada ya faɗi. Ka ɗora shi a tafin hannunka ka ga iyakar nisan.

Taka har kullum,
Ƙanwarka mai ɗinki