Takardar Yabon Zeinabu

Laraba da dare, Vénissieux

Yau mun je Villeurbanne, ni da jikata Zeinabu da uwarta Hadiza, mu ji darussan da za ta ɗauka kafin karatun injiniya. Lissafi da fizik dai ba laifi. Amma matar ofis ta ce sai an kawo takardar malaminta mai faɗin ƙwazonta kafin Juma'a, in ba haka ba a ajiye dosiyenta, wato takardunta na neman shiga, a gefe.

To, malamar ita ce uwar. Shekara shida tana koyar da ita a gida, ga ta 'yar fari, ko sunanta Hadiza ba ta kamawa, balle yabo.

Da muka dawo gida, Hadiza ta yi awa guda, ta rubuto: "Yarinyar tana ƙoƙari."

Na ce, "Da wannan ko gadi ba za su ba ta ba."

"Baba, da kunya fa."

Ko Nasara ya san akwai yabon da ake yi da shiru? Oho.

Na ɗauki biro, na ce ta manta 'yarta ce, ta ba ni labarin wata ɗalibarta kawai. Ta juya baya tana wanke-wanke, ta fara. Na cika shafi biyu, hannuna ya gaji, ba ta gama ba.