Ku Canja Mini Kwantar, Ku Bar Sunan Bukar

Zuwa ga Mai Girma Daraktan kamfanin wutar lantarki, reshen Diffa.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali.

Sunana Falmata. Ina da injin niƙan tattasai a zauren gidanmu, da shi nake ciyar da yara huɗu da surukata, Ya Kaltum. Kwantar wutarmu, wato mita, ta ƙone tun kafin Azumi, wata uku ke nan injin na kwance, masu kawo niƙa duk sun koma wani wuri.

Na farko. Kwantar da sunan mijina Bukar take. Shekara tara ke nan da ya tafi gonarmu ta bakin Komadugu, bayan Chetimari, ya ce zai duba ban ruwa ya dawo kafin la'asar. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba, ba mu yi zaman makoki ba.

Na biyu. Sau biyar ina zuwa bironku, wato ofishinku. Ma'aikacin da ke bakin taga mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙazafi ba. Amma ya ce ba a canja kwantar sai mai sunan ya sa hannu, in kuwa ya rasu a kawo takardar mutuwa. Na ce ban san ko ya rasu ba. Ya ce takardarsu ba ta da gurbin wannan amsar, kuma daga Yamai dokar ta zo. A kasuwa ana cewa kamfanin na gwamnati ne, wai namu ne mu duka. To, abin namu ne, maganin a kwaɓe mu. Wanda ya rubuta dokar nan bai taɓa zama inda mutum ke fita gona ya ɓace ba.

Na uku, shi ya fi hana ni sukuni. Kowane wata takardarku ta kuɗin wuta na zuwa da sunan Bukar. Ya Kaltum ba ta karatu, amma ta san siffar sunan ɗanta. Sai ta shafa shi da yatsa, ta ce gwamnati ba ta rubuta wa matacce wasiƙa, ta adana a ƙarƙashin matashinta. Ni kaina, Allah ya gani, duk ranar da aka miƙo ta sai in ji kamar shi ne ya yi sallama.

Kafin in samu takardar da kuke nema, sai na tsaya gaban alƙali da shaidu na ce Bukar ya mutu. Waɗanda suka ɗauke shi ma, in ɗauke shi aka yi, ba su ce mini haka ba. Ina tsoron yunwar yarana, ranka ya daɗe, amma wannan kalma ba za ta fito daga bakina ba, uwarsa na zaune.

Roƙona biyu ne. A sa mana sabuwar kwantar kafin tattasan bana ya bushe. A bar sunan yadda yake, ni zan sa hannu a ƙarƙashinsa har ranar da muka sani.

Allah ya yi maka jagora, ya sa duk wanda ya fita daga gidanka ya dawo.

Wassalam.

Falmata, matar Bukar, Diffa.