Ni da Buhun Albasa

Gaya, 4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Munira,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɓerayenki. Mu nan lafiya lau, sai zafi.

Har yanzu in an tambaye ni aikinki a Faransa, likita nake cewa. Ba na ƙarasawa da "ta ƙwaƙwalwar ɓera". Shekara ashirin kina karatu a lakwal, ga ɓeraye nan cike da sitona ba mai kula su.

Maganar ƙanenki Yunus ce. Ya cika sha tara, har yau bai ce uffan ba. Ranar Juma'a ya ciji wani direban babbar mota kamiyo da ya wargaza masa albasar da ya jera. Baffanki Sha'ibu ya ce a kai shi Tunuga wajen malamin da ke sa mari a ƙafa, tunda wai ko ni ubansa bai sani ba. Ya ba ni zuwa Lahadi ta sama.

Ni aji uku na yi, ta taga kuma na fita. Me ɓerayen suka ce?

Babanki,
Alfari

Gaya, 18 ga Maris

Munira,

Ina gaisuwa, da fatan murar ta sake ki. Saƙonki ya iso. Otizim ɗin da kika ce shi ke damun Yunus dai na ji. Na kuma gane gwajin: ɓera a tsakiya, ɗan'uwansa a dama, kofi wayam a hagu, minti goma, a ga inda zai je. Kin ce Yunus ba ɓera ba ne. Na sani, ni na raɗa masa suna. Amma na gwada.

Na zauna a dama, na aje buhun albasa a hagu, Yunus a tsakiya, baffanki na riƙe da agogo. Albasa ta ci ni. Baffanki ya kaɗe riga ya tafi neman mota.

Ni dai ban tashi daga tabarmar ba. Wajen la'asar sai ga Yunus yana jan buhun har bakin tabarmata. Ya juya mini baya, ya jingina da ni, ya ci gaba da jeri. Ko kallo ban samu ba. Nauyi gare shi.

Motar ta zo Lahadi, ta koma da baffanki kaɗai. Ba ya gaishe ni yanzu, na huta.

Ki gaya wa manyanki minti goma ya yi kaɗan. Ku ba ɓerayen nan har la'asar.

Innarki na gaishe ki.

Babanki,
Alfari, na biyu bayan albasa