Hannun Wilfrido

San Telmo, Agusta 1984

Zuwa ga maigidana Fermín,

Bayan gaisuwa irin ta wadda ta yi kewar mijinta, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya. Yaya aiki, yaya bayan nan naka da tsayuwa kan wankin kwanonin mutanen New York? Mu nan lafiya lau muke. Innarka tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko kana samun agade a can, ko burodi kake ci kamar mara gida.

Na san ba lafiyarmu ce ta sa ka yage ambulan da sauri ba, tsoho, don haka ga labarin ƙwallon gora, besbol ɗin nan naku. Mu da ƙungiyar garin Monte Claro yanzu wasa uku da uku ne, wanda ya ci ranar Lahadi shi ne zakaran lardi. Ruwan saman da aka yi ta yi ya sa an cushe wasannin wuri ɗaya. Ɗanka Wilfrido ya yi jifa zagaye tara cur ranar Alhamis, ga wanda ya yi Lahadin da ta wuce. Shi ya cece mu. Yanzu garin nan ba a maganar komai sai wanda zai hau tudun jifa, ko a coci raɗar da nake ji a bayana ba ta addu'a ba ce.

Jiya na shiga kantin Nicanor sayen mai, na tarar teburin 'yan wasan domino ya koma kotu. Tiburcio mai aski yana tsaye yana dukan tebur.

"Ku ji ni, jama'a! In ba Wilfrido ba, a miƙa musu kofin tun yau, a hutar da mu zafin rana!"

Nicanor ya ce, "Zauna, kai da ko lemo ba ka iya jefawa cikin kwando. A fara da Anselmo bahago, ya riƙe su zagaye shida, a ajiye yaron don ƙarshe."

Tiburcio ya ce, "Anselmo? Anselmon da kakata za ta buga wa ƙwallo ta tsallake katanga? Kuma ta rasu!"

Da suka gan ni sai Tiburcio ya cire hula. "Doña Nereida, ke ce uwa, raba mana gardama." Na ce masa mai na zo saya.

Abin da ban faɗa musu ba shi zan faɗa maka. Tun ranar Juma'a yaron nan da hagu yake taje kansa, da hagu yake shan kofi. In na yi magana sai ya yi dariya, wai yana hutar da na daman ne kamar babban baƙo. Ka kuwa san baturen nan mai neman 'yan wasa ya ce zai dawo ya gan shi a watan Oktoba. Hannun nan shi ne duk abin da yaron ya mallaka, Fermín. Bai iya karatu kamar ƙannensa ba, ba na kuma so ya ƙare a gonar rake.

Na aika aka kira mini compadrenka Casimiro, uban baftismar yaron. Kocin ƙungiya ne, na sani, amma tun kafin ya zama koci shi ya riƙe yaron nan a coci ranar baftisma, na kuwa tuna masa. Ya daɗe yana juya hularsa a gwiwa. Ya ce, "Comadre, in na ajiye shi gaba ɗaya, garin nan ya fi ƙarfin zamana. Amma na yi miki alkawari, zagaye biyar in cire shi, ko za a jefe ni da kwalabe." Na ce na riƙe shi a bakinsa.

Sai kuma na ji wai ka yi waya kantin Nicanor, ka ce a faɗa wa Casimiro kada ya lalata maka ɗa da lallashi, kai ka taɓa jifa wasa biyu a rana ɗaya. Gaskiya ne, ina wurin. Ni ce kuma wadda ta yi shekaru tana sa maka hannun riga da safe don kafaɗarka ba ta ɗaguwa. Ban san wanda ke yi maka a can ba. Raina ya ɓaci da kai ƙwarai, amma zai huce kafin takardar nan ta iso.

Ka kula da kanka. Yara suna gaishe ka.

Matarka,
Nereida


San Telmo, Agusta 1984

Fermín nawa,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Muryata ta dushe tun jiya. Na san Nicanor ya riga ya yi maka ihu a waya, amma shi sakamako kawai ya sani faɗa. Mun ci, biyu da babu. Ɗanka ya yi zagaye tara ba ko mutum ɗaya da ya buga masa ƙwallon da ta ba shi damar rugawa ya kai ko tashar farko. Tsofaffi sun ce ba a taɓa yin haka a wasan ƙarshe a lardin nan ba.

Da farko ba wanda ya lura. Ana ta kiɗa, ana zagin alƙalin wasa kamar kullum. A zagaye na huɗu na ga mutane suna satar kallon allon sakamako suna kawar da kai. Ana gama na biyar filin ya canza. Ka fi ni sanin yadda ake yi in mai jifa ya kama hanyar hana kowa bugawa har ƙarshe: ba a faɗa, ba a nunawa da yatsa, ba a canza wurin zama, ba a yi wa mai jifa magana, kada a karya abin. 'Yan wasanmu suka zame ɗaya bayan ɗaya zuwa wancan gefen benci, suka bar shi shi kaɗai da tawul a kan hannunsa. Har Tiburcio ya rufe baki, abin da ko mutuwar matarsa bai sa ya yi ba. Wani baƙo a bayanmu ya fara cewa, "Kai, ashe har yanzu ba wanda ya…" sai Nicanor ya toshe masa baki da gyaɗa.

Ni kuwa ina riƙe da kofin ƙanƙara tun zagaye na biyu, ta narke tana zuba a kan siket ɗina, na kasa ajiyewa. Ƙafata ta yi sanyi a harɗe, ban warware ba.

Ba zan ɓoye maka batun compadre ba. Bai cire shi a na biyar ba. Bayan na shida na ga ya tashi, ya nufi inda yaron yake zaune. Mutanen da ke bayan benci suka fara tsaki, tsakin ya bi layi har ya zagaye filin, ba wanda ya furta kalma. Ya tsaya a tsakiya. Ya ɗaga kai ya neme ni a cikin jama'a, ya kuwa same ni, don ya san wurin zamana. Na san abin da yake tambaya. Sai na sunkuyar da kai. Da na ɗago na gan shi a bakin tulu yana shan ruwa, daga nan ya koma mazauninsa.

Sauran kuwa sai dai a ce Allah ya yi. A na takwas jifan ya rage ƙarfi, kowa ya gani, amma 'yan Monte Claro sun riga sun rikice, iska kawai suke duka. Na ƙarshensu ya ɗaga ƙwallo sama ta faɗa hannun ɗan wasanmu mai tsaron tasha ta biyu, wasa ya ƙare. Wayyo Fermín, ban san lokacin da na tsallake katanga ba, ni da gwiwoyin nan! Aka ɗauki yaron a kafaɗa aka zagaye gari da shi. An dafa sancocho, romon nan namu na nama da rogo, a tsakiyar titi, an yi rawa, har limamin coci ya taka. Tiburcio yana bin kowa yana cewa, "Wa ya ce Anselmo? A nuna mini shi!" Nicanor ya rantse shi bai taɓa ambaton Anselmo ba a rayuwarsa.

Na yi murna, ba zan yi maka ƙarya ba. Ban taɓa jin kaina da girma haka ba. Na so a ce kana nan.

Gwiwar hannunsa ta kumbura yau da safe. Na sa masa ƙanƙara, innarka ta shafa masa man nan nata. Ya ce gajiya ce kawai.

Ka sa mu a addu'a. Ina gaishe ka da kyau.

Taka,
Nereida


San Telmo, Nuwamba 1984

Zuwa ga maigidana Fermín,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da sanyin da ka ce ya fara shigowa. Ka riƙa rufe ƙirjinka. Takardunka duka sun iso, ka yafe mini jinkirin amsa. Na sha ɗaukar biro ina ajiyewa.

Abin da ka ji gaskiya ne. Likitan Santo Domingo ya ce jijiyar gwiwar hannun ta yage, kuma ba ƙaramar yagewa ba, don an ci gaba da jifa a kanta. Ya ce zai yi aikin duniya da hannun, amma ba jifa ba. Baturen ya zo kamar yadda ya ce. Wilfrido ya dage sai ya gwada. Ya jefa kaɗan, fuskarsa ta yi fari, mutumin ya dafa kafaɗarsa ya faɗi magana mai daɗi, ya shiga mota. Ban je ba, ƙanwarsa ce ta ba ni labari.

Kantin Nicanor kuwa kotu ba ta tashi ba, hukunci ne kawai ya juya. An rataye hoton ranar a saman kanta, yaron a kan kafaɗun mutane ya rungume hannun dama a ƙirji. Da, cewa suke yi ya dafe zuciya ne don son garinsa. Yanzu kowa ya ce ai shi tun ranar ya gane. A ƙarƙashin hoton nan na ji Tiburcio yana cewa, "Kocin da ya san aikinsa a na biyar zai cire shi. Ni fa na faɗa!"

Nicanor ya ce, "Ka faɗa wa wa? Tsakinka har Monte Claro an ji."

"To ai don haka ake naɗa koci, don kada ya saurari irina!"

Aka yi dariya. Ni na bar sayen mai a can, ina zagayawa har bakin kasuwa.

Casimiro ya ajiye aikin. Ba ya bin titinmu, in ya hango ni a coci sai ya fita ta ƙofar gefe. Ya rame. Ka rubuta cewa in ka dawo sai ka karya masa haƙora, cewa daga yau ba compadrenka ba ne. Kada ka yi, Fermín. Ya karya alkawari, haka ne. Amma a duk filin nan shi kaɗai ne ya tashi tsaye. Ba kuma na faɗin wannan don in tuna maka wayar da ka yi, na san ita ke hana ka barci, na gani a rubutunka.

Shekaranjiya da safe ina ɓare agade a tsakar gida, Wilfrido ya zo ya zauna yana taya ni. Ya fara aiki a garejin kawunsa, yana koyon gyaran babur, ba ya ƙorafi, shirun nasa ne ke cin raina. Na daure na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya, wato yaushe abin ya faru. Ya ce a zagaye na shida ne, ya ji wani abu ya tsinke a ciki kamar igiyar shanya.

Na ce, "Ɗana, to me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Wa zan faɗa wa, Mama? Ba kowa kusa da ni. Kuma mai jifa ba ya cewa a cire shi a irin wannan wasa, har ya mutu ana nuna shi. Sai dai a tambaye shi. Da na ga baban baftisma ya taso na ce alhamdu, ga shi nan, yana cewa yaya hannun zan gaya masa. Sai ya tafi shan ruwa."

Bai faɗa da fushi ba, yana ta ɓare agadensa. Can sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Na neme ki ma. Na ce Mama ba ruwanta da camfinsu, yanzu za ta sauko ta tayar da hankalin kowa. Sai na gan ki kin sunkuya kina yi mini addu'a. Shi ya ba ni ƙarfi na ƙarasa."

Na tashi na ce wake zai ƙone, alhali ban ɗora komai ba.

Addu'a kam ina yi, Fermín, bai yi kuskure ba. Amma ba hannunsa nake roƙa wa ba. Roƙo nake kada kowa ya buga. Ban gaya masa ba, ban kuma san ko zan taɓa iya gaya masa ba. Kai kaɗai na gaya wa.

Ka zo Kirsimeti in da hali, ko ba tsaraba. Innarka da yara suna gaishe ka.

Matarka mai kewarka,
Nereida