Muhtari Biyu, Rijiya Ɗaya

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Baba ya ba ni aiki. Nusaiba, matar ƙanena Kamalu, ta shiga watan haihuwa, shi kuwa Baba ya riga ya yanke cewa namiji ne, kuma Muhtari za a sa mishi, sunan kakansa. Yana so in rubuta salsalar gidanmu a karanta ranar suna. "Ke ce malama, Zuhura. Ki rubuta tun ina da rai, kada a zo a cakuɗa mu da waɗancan."

Waɗancan, wato danginmu na Katuru.

Tun muna yara labarin ɗaya ne. Muhtari biyu aka yi a Katuru, 'ya'yan wa da ƙane. Ɗaya ya haƙa rijiyar da har yau ake sha, shi ne namu, daga baya ya dawo Ƙaura. Ɗayan ya gudu ya bar mata da 'ya'ya a shekarar yunwa, shi ne kakan mutanen Katuru. Ban taɓa tambayar komai a kai ba. Wa ke tambayar labarin da ya yi mishi daɗi?

Litinin, 7 ga Yuli

Na zauna da Baba bayan la'asar. Ya lissafo: Faruku (shi), ɗan Armiya'u, ɗan Muhtari, ɗan Zubairu. Daga nan sai "mutanen da".

Yana da shekara goma kakan ya rasu, don haka ya san shi. Dogo ne, har Dogo ake ce mishi. Aikin jirgin ƙasa ya yi a tasha, shi ke ba inji ruwa. Bayan hannunsa na dama duk tabon ƙuna, tururi ne ya watso mishi. Baba ya ce da bakinsa kakan ke ba su labarin mai gudun, kuma duk ya ba da sai ya ƙare da, "Allah wadan wanga Muhtari."

Na ce yaushe ya haƙa rijiyar? Baba ya ce kafin ya zo Ƙaura mana. Na ce shi ya faɗa muku? Ya ce a'a, a bakin mahaifinsu ya ji.

Ba komai ba ne. Amma na rubuta.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ina gyaran takardun jarrabawar 'yan aji uku, hankalina na kan rijiya. In mutum ya haƙa wa gari rijiya, me zai sa ya tashi ya zama lebura a wani garin?

Lahadi, 13 ga Yuli

Zurmi, wurin Gwaggo Kyauta, yayar Baba. Maigidana bai so tafiyar ba saboda halin da hanya ke ciki, sai da na yi alkawarin dawowa kafin azahar. Lafiya lau, sai shingayen bincike.

Alƙur'anin mahaifinsu na hannunta, cikin gafaka da ta ci ta tsufa. A bangon ciki akwai rubutun ajami, tawada ta koma ja. Na yi ta fama har na karanta: an haifi Armiya'u ɗan Muhtari Dogo a Ƙaura, shekara ɗaya bayan isowar jirgi. Jirgi ya iso 1929. Ke nan a 1930 Dogo yana Ƙaura da mata da jariri.

Na tambaye ta rijiya. Ta yi dariya har goro ya sarƙe ta.

"Rijiya? Dogo? Mutumen da ko leƙa rijiya bai iyawa, juwa ka ɗibarshi? Aikin diga yak kawo shi, shimfiɗa layin dogo. Ni dai ban san shi da wata rijiya ba."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa ba? Ta ce wa ya tambaye ta, kuma Faruku in ya riƙe magana ko da ƙugiya ba a ƙwace ta. Ta ce in ina son gaskiya in nemi Bara'atu, tsohuwar nan ta Katuru, tana Shinkafi wurin jikanta tun da suka baro ƙauye.

Sunan nan ba baƙo ba ne a wurina.

Litinin, 14 ga Yuli

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

Shekara huɗu da suka wuce, da 'yan bindiga suka tashi unguwar su Bara'atu, gidanmu suka fara zuwa. Su tara, da ƙullin kaya, da tsohuwar a bayan babur. Baba ya bar su a zaure kwana uku. Ɗakuna biyu na banza a ciki, ba kowa sai buhuna, amma ya ce ba wuri. Ni na kai musu tuwo, kuma na zaɓi kwanonin da ba mu ci da su. Da suka tafi Shinkafi na ji sanyi a raina. Har na ce wa Kamalu, "Gudu ai gadonsu ne." Muka yi dariya.

Yanzu da wane ido zan je in ce Kaka ba ni labari?

Alhamis, 17 ga Yuli

Na je. Ranar kasuwar Shinkafi ce, motoci na tafiya a jere, an fi samun natsuwa.

Ɗaki ɗaya da rumfa. Kaka Bara'atu ta haura casa'in, ido ya tafi, amma kunne da kai garau. Na gaishe ta na faɗi sunana. Ta ce, "Ɗiyar Faruku. Ke ce kik kawo muna tuwo da miyar kuka, ta yi daɗi." Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce ina son in rarrabe Muhtari biyu. Ta ce, "Wane kike biɗa, na Tasha ko Mai Rijiya?"

Haka suke kiransu. Mu ba mu taɓa jin "na Tasha" ba.

Ga abin da ta faɗa, yadda na iya riƙewa. Su biyun sunan kakansu guda suka ci, shi ya sa suke takwarori. Babban shi ne Dogo. Ƙaramin gajere ne, baƙi, mai raha. A yunwar da aka yi gab da zuwan jirgi, Dogo ya ce wa matarsa Salima zai je aikin diga ya samo hatsi, kwana arba'in ya dawo. Ya bar ta da 'ya'ya uku. Kwana arba'in ya zama shekara. Ƙaramar yarinyar ta rasu a damina, kafin gero ya nuna. Gajeren, da bai da ko mata lokacin, shi ya riƙa raba ɗan abin da ya samu da su. Bayan shekara huɗu alƙali ya raba auren, gajeren ya auri Salima, ya riƙe yara biyun kamar nasa. Sannan aka haifi ita Bara'atu. Rijiyar kuwa, saboda Salima ya haƙa ta, don tana tafiya mai nisa ɗibar ruwa da ciki. Wata bakwai yana haƙa.

Na ce, "Kaka, kin tabbata ba ki juya su ba?"

Ta ce, "In juya ubana?"

Sai ta ce ta taɓa ganin Dogo sau ɗaya. Tana 'yar shekara takwas ko tara, tana bakin rijiya da guga, wani dogon baƙo ya tsaya ya ce ta ba shi ruwa. Ya sha, ya tambayi ɗiyar wa ce, ta faɗa. Ya tambayi ko Salima na lafiya. Ya daɗe yana kallon ƙofar gidansu, sannan ya juya ya kama hanya. Abin da ta riƙe shi ne hannun da ya karɓi ƙwaryar da shi. "Bayan hannun duk ya toye, fata ta yi kamar ta ƙadangare." Da ta ba uwarta labari, Salima ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, ranar ba a ci tuwon dare da wuri ba.

Ban ce mata komai game da hannun ba. Ita ta kawo shi da kanta.

Na tambaye ta, kun san abin da muke faɗi a kanku a Ƙaura? Ta ce sun sani tun zamanin Armiya'u. Ya taɓa zuwa Katuru yana saurayi, ya ji ana cewa rijiyar Muhtari, ya yi ta murna yana cewa ta babansa ce. Mai Rijiya yana zaune a wurin. Ya hana kowa ya gyara mishi. Ya ce, "Ku bar yaro da ubanai."

Juma'a, 18 ga Yuli

Ban iya cin abinci ba. Ashe mu ne.

Talata, 22 ga Yuli

Abin da ke damuna ba gudun ba ne kaɗai. Ina ta juya wannan: mutum ya tara jikokinsa, ya ba su labarin kansa kamar na wani, ya tsine wa sunansa a gabansu. Shekara nawa yana haka? Ya so su gane ne? Ko so yake ya ji ana tsine mishi, tunda Salima ba ta yi ba?

Kuma me ya hana shi komawa? Na bi ta tasha da na taso daga makaranta. Ciyawa ta cinye layin, awaki na kwance a inuwar tsohon tankin ruwa. Daga nan zuwa Katuru tafiyar kwana biyu ce a ƙafa, ko ma ba ta kai ba. Wataƙila wata na farko bai samu abin kaiwa ba, na biyu kunya ta fara, da labarin rasuwar yarinyar ya iso shi kuma sai ƙafa ta ƙi. Wataƙila kuma daɗin gari kawai ya ji. Ba wanda ya rage da zai faɗa mini.

Wani abu ma: 'ya'yan Dogo biyu da ya bari, zuriyarsu na cikin mutum taran nan da suka kwana a zaurenmu. Jininmu ne kai tsaye, ba ma 'yan uwan nesa ba.

Asabar, 26 ga Yuli

Kamalu ya ce kada in faɗa wa Baba. Hawan jini. "Ki rubuta yadda yake so, Yaya, wa zai sani?" Maigidana ya ce gaskiya ɗaya ce amma lokacinta ake nema. Kowa da nasa.

Na rubuta salsala iri biyu. Duka suna cikin jakata.

Laraba, 30 ga Yuli

Baba da kansa ya tambaya. Ya ce ya ji na je Shinkafi, me na samo? Na sa hannu a jaka ban san wadda zan ciro ba. Ta gaskiyar ta fito, ko ni na fito da ita, oho.

Na karanta ina kallon takarda. Da na zo wurin baƙo a bakin rijiya ya ce, "Tsaya. Sake karanta nan." Na sake. Ya ce, "Wane hannu?" Na ce ba ta faɗa ba. Ya ɗaga nasa na dama yana dubawa kamar a nan tabon yake.

Ya sauke hannun. Ina jiran faɗa, ina jiran ya ce tsohuwa ta ruɗe. Sai ya ce a hankali, "In Dogo ya ce Allah wadai, kuka yake yi. Mu muna cewa hayaƙi ne ya shiga mishi ido."

Ya ce in tafi gida, yamma ta yi. Bai karɓi takardar ba, bai kuma ce in yaga ba.

Asabar, 2 ga Agusta

Nusaiba ta sauka da hantsi. Mace! Kamalu sai dariya yake, wai an huta da rigimar Muhtari.

Litinin, 4 ga Agusta

Baba ya sa an kwashe buhunan da ke ɗakunan nan biyu. Bai ce don me ba. Ya aiki Kamalu Shinkafi da mota, ya ce ya gaya wa Gwaggonsa Bara'atu ɗanta Faruku na roƙon ta zo suna, in ta ƙi ba ta yi laifi ba. Ban taɓa jin ya ce mata gwaggo ba.

Asabar, 9 ga Agusta

An raɗa suna: Salima.

Ba a karanta salsala ba. Baba ya ce ba ta kammala ba, akwai rassan da babu a ciki. Kaka ta zo da mutum biyar. Da aka kai ta wurin Baba ya sauko daga kujera ya zauna a tabarma, da ciwon gwiwarsa da komai. Ban ji abin da ya ce ba. Ita dai na ji ta ce, "Bari, Faruku, ai ba ka sani ba." Ya ce, "Zauren fa? Shi ma ban sani ba?" Ta ce a miƙo mata jaririyar, ta shafa fuskar da yatsu, ta ce, "Inna, kin dawo?"

Na shiga madafa. Albasa ake yankawa.

Juma'a, 15 ga Agusta

Kaka na nan, Baba ya ce ba za ta koma ba sai bayan girbi in hanya ta yi kyau. Ina zuwa kullum da yamma, don cike sunaye ne kawai, ta san su har ɗiyan ɗiya, shafi shida na cika. Jiya ba mu rubuta ko ɗaya ba, na yi mata kitso, ta koya mini waƙar daka ta Salima.

Maganar kwanoni ban yi mata ba tukuna. Zan yi.

Yau ina fita, mata cike da tsakar gida, ta ɗaga murya daga ɗaki: "Jikar Dogo, gobe ki zo mini da goro!"

Sai da na kai bakin titi na tuna na ce na'am.