Tsatsar Madarar Inna

Ulan Bato, farkon kaka

Zuwa ga Yaya Dulma,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna da idonta? Dabbobi sun yi ƙiba kuwa kafin sanyi ya shigo?

Shekara uku ke nan rabona da gida, ban taɓa rubuto miki ba, na sani. Yau ma na rubuto ne don duk sanda na kira, Inna na manne da wayar, maganar nan kuwa ba ta kunnenta ba ce.

Yaya, motar marigayi Baba tana garejinmu. Tsohuwar jif ɗin nan 'yar Rasha, ita dai. A bayan babbar mota aka kawo ta, ina ganin lotsawar da raƙumi ya yi wa ƙofar hagu na gane ta. Ƙaninmu Nyamka ya ce wa Inna gyara ya kawo ta wurina. Sayar da ita ya yi. Wani saurayi ɗan birni, Temulen, shi ya saya, yana so a mayar masa da ita kamar yau ta fito daga kamfani. Maigidana Ochir mai garejin kuma duk cikinmu ni ya nuna, wai ni ne baƙauye, ni na iya yaren irin waɗannan gawarwaki. Bai san ta gidanmu ba ce.

Na kira Nyamka na wanke shi tas. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni da me zai sayi ciyawa bayan sanyin bara ya kashe rabin garke, ni me na aiko? Har yanzu haushinsa nake ji, amma gaskiyarsa ce.

Jiya Inna ta ce tunda motar na hannuna hankalinta ya kwanta, in dawo da ita da bazara. Na ce to. Ban san dalilin da ya sa na ce to ba.

Ki gaishe ta. Ƙaninki,
Gombo

Ulan Bato, tsakiyar sanyi

Yaya Dulma,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya kuke fama da ƙanƙara? Busasshen naman da kika aiko ya iso, na gode.

Na warware motar ƙusa-ƙusa. Duk inda na taɓa sai in tarar da hannun Baba: waya a kafireta, igiyar fata a maimakon noti, guntun katako ƙarƙashin kujera. Ochir ya tsaya a kaina yana dariya, wai wanda ya riƙe wannan ko dai gwani ne ko mahaukaci, ya ɗinke mota kamar sirdi. Ni ma ban san wanne ba ne.

Bayanta ne ya ba su mamaki. Tsatsa ta cinye shi a wuri guda, gefen dama, sama da taya, sauran bodin garau. Sun yi ta musu, wani ya ce gishirin hanya, wani ya ce fitsarin kare. Ni da ke mun san wurin. Nan Inna ke tsayawa da ludayinta tana yayyafa madara duk sanda Baba zai kama hanya, don ya dawo lafiya. Da hannuna na yanke wurin na yi wa sabon ƙarfe walda.

Ga abin da ya ruɗa ni. Duk abin da na cire, na kasa kai shi bola, sai in ɓoye bayan gareji. Yanzu tarkacen ya yi tsibi, can kuma ga wata kyakkyawar mota da sabon inji da sabon tamfol. Wacce ce ta Baba? Da safe in ce wannan, da yamma in ce waccan.

Na so in tsani yaron nan Temulen, abin ya ƙi. Yakan zo da shayi mai zafi, yana kira na Kawu, ya zauna cikin sanyi yana tambaya kamar ɗan makaranta. Yana son motar, Yaya. Ta fi samun gata a wurinsa fiye da yadda ta samu a wurinmu, wannan ma wani haushin ne.

Inna ta sake tambaya. Na ce saura kaɗan.

Naki,
Gombo

Ulan Bato, farkon bazara

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Tumaki sun fara haihuwa?

An gama. Da na tayar da ita ban gane muryarta ba. Kin san Inna tun daga bayan tudu take jin ƙarar ƙofar nan, ta ɗora shayi. Yanzu ko a bakin tanti aka tsaya ba za ta juyo ba.

Shekaranjiya Temulen ya zo ɗauka, zai gwada ta a duwatsun yamma. Ya shiga, ya sa giya, sai na ga babu kowa a bayanta. Motar Baba za ta yi doguwar tafiya haka nan, a bushe! Ban san sanda na fizgi kwalin madarar da muke haɗa shayi na watsa mata ba, a kan sabon fenti. Ochir ya kusa haɗiye sigarinsa, yana ihu wai baƙauye ya haukace, wata biyar na aiki! Yaron ya fito. Na gaya masa komai a gaban kowa, har da 'to' ɗin da nake ta ce wa Inna.

Ya zagaya ya dubi madarar tana gangarowa. Sannan ya tambayi hanyar gidanmu. Ya ce ba zai iya ba ni motar ba, ni ma ban roƙa ba, amma zai biyo ta wajenmu, Altai, ya kwana biyu. Na gargaɗe shi cewa tsohuwa za ta ɓata masa fenti. Ya ce ai ya san garejin da zai kawo ta.

Ban sani ba ko daidai na yi. Ochir ya hana ni hutu, don haka nauyin a kanki ya faɗa, ki yafe mini. Kafin ya iso ki zaunar da Inna ki gaya mata gaskiya: motar za ta zo, amma baƙuwa ce, za ta tafi. Kada ki bari Nyamka ya ɓuya, ya tsaya a wurin. Ki tanadi madara.

Kin tambayi abin da na tara a shekarun nan. Yana bayan motar cikin buhu, ban da ƙofar da aka ɗaure a sama: ƙofa ɗaya mai lotsawa, sitiyarin Baba, igiyar fata uku, shuɗin ƙyallen da ke madubi, da guntun ƙarfe mai tsatsa kamar tafin hannu. Wannan na ƙarshe ki sa wa Inna a hannu, za ta gane shi ko ba ta gani.

Ƙaninki,
Gombo